Adadi Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Tun a shekarar farko ake nuna wa ɗalibin kimiyyar harsuna cewa rubutun boko yana ɓoye karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi haruffansu ɗaya, jumla ce ke raba gardama. Adadi ma haka yake: in aka raba shi da ma'auninsa, ya zama kalmar da ba a san yadda za a furta ta ba.

Wata ɗalibar wannan sashe ta gamu da haka a sana'ar mahaifinta, mai walda a kasuwar Katako, nan Yamai. An ba shi aikin ƙera tankin ɗumama ruwa da hasken rana domin wani ɗakin haihuwa, ana son ruwan ya kwana da zafinsa har asuba ko da a tsakiyar hunturu. Nasarar aikin tana ga audugar gilashin da ake naɗe tankin da ita. Abin dubawa shi ne saurin ratsawar zafi, wato yawan zafin da ke ƙetare wani abu idan fuskarsa ɗaya ta fi ɗaya zafi. Iya ƙanƙantar adadin, iya kyan abin wajen tsare zafi.

Takardu uku suka zo hannun dattijon, kowace da bakinta. Tsohon littafin Faransanci da ya gada daga maigidansa ya ce 0,034. Wani shafin intanet ya ce 0,04. Takardar da ke cikin kwalin kayan, mai Turancin Amurka, ta ce 0.28. A lissafinsa an sayar masa da audugar da ke zubar da zafi ninki bakwai, ya kuwa yi niyyar mayar da ita, ko da zai yi asarar rabin kuɗinsa.

"Ƴata, ke ce mai karatun harsuna," in ji shi. "Wace ce ke ƙarya cikin ukun nan?"

Ta kwana biyu tana bin ƙananan haruffan da ke bayan kowane adadi, waɗanda ido ke tsallakewa. Shafin intanet yana magana da tsarin awo na duniya da aka amince da shi a Faris a 1960, mai auna zafin da wat, kaurin da mita, bambancin zafin da kelbin. Tsohon littafin yana ƙirga kilokalori a cikin awa guda. Kilokalori shi ne zafin da ke ƙara wa kilo ɗaya na ruwa digiri ɗaya, ya kai jul 4186,8. A raba shi da daƙiƙoƙi 3600 na awa, a sami 1,163. Da ta ninka 0,034 da wannan, sai ga 0,04. Takardar Amurka kuwa tana auna zafi da BTU, kauri da inci, faɗi da murabba'in ƙafa, digiri da Faranhait, mabuɗinta kuma 0,1442 ne. Ta ninka 0,28 da shi, nan ma 0,04 ya fito.

"Baba, babu mai ƙarya," ta ce. "Magana ɗaya suke yi, harsunansu ne daban."

Tazarar ninki bakwai ba ta tsoratar da ita ba, domin irin wannan kuskure yana da ƙara, ko makaho ya ji shi. Wanda ya fi haɗari shi ne na tsakanin kilokalori da wat, kashi 16 cikin 100 kacal. Adadan biyu sun yi kama har mutum ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya, ya rage kaurin auduga, ungozoma ta tarar da ruwa ya huce ba tare da an san dalili ba. Mai fassara ya san irin wannan tarko: kalmar da ta yi kama da ta harshensa ita ke kayar da shi. Ga kuma rikicin alamomi. A Yamai waƙafi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, a Kano ɗigo ne, saboda haka 1,163 na Banijare dubu ɗaya da ɗari da sittin da uku ne a idon Bakano.

Wannan lamari ba baƙo ba ne a jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni Jofo tun 1992. Masanin, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, inda aka riƙa ƙera irin waɗannan tankuna, a zamanin da kilokalori bai gama barin littattafan injiniyoyi ba. Shi ne kuma, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Duk wanda ya amsa kiran nan, dole wata rana ya fassara adadi.

Bahaushe bai taɓa sakaci da wannan ba a kasuwar hatsi. Ba a cewa "gero goma" a yi shiru. Sai an faɗi tiya ce ko buhu, har a tambayi tiyar wane gari. A takardar fasaha ne kaɗai ake fassara kalmomi da kyau, a kwafe adadi tsirara, a bar ma'auninsa a baya. Aikin da ke gaban ɗaliban harsuna ke nan: su daidaita sunayen ma'aunai a Hausa, su tsayar da alama ɗaya tsakanin waƙafi da ɗigo, su saba rubuta tsohon awo da sabo kafaɗa da kafaɗa. Maƙeri da magini da waɗannan adadai suke yanka ƙarfe da aza tubali, kuma abin da aka yanka ba ya komawa.