Kwatano: garin da ke sa ƙafar babur rawa

Kwatano gari ne da aka shimfiɗa a kan yashi, tsakanin teku da tafkin Nokuwe. Duk wanda ya sauka a unguwar Zango zai ga cewa babur ne jakin garin. 'Yan acaba, waɗanda ake kira zemijan, suna ko'ina da rigunansu ruwan ɗorawa. Mutanenmu ma da babur suke ɗauko kaya daga kasuwa, su sauke yara a makaranta, su haye gada zuwa Akpakpa.

Sai dai hanyoyin garin ba sa raga wa ƙafar babur. Tituna da yawa an shimfiɗa su da ƙananan bulo na siminti, babur na tafiya yana karkarwa. Ka ratse lungu kuma sai yashi. In damina ta kankama wajen watan Yuni, ruwa ya kwanta, rami ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Karkarwa tana sassauta sifok, yashi da ruwa suna cinye boris, rami kuma ya lanƙwasa rim. Shi ya sa ƙorafin "ƙafata tana rawa" ba ya yankewa a rumfunan bakanikai.

A wata rumfa da ke bayan Zango na zauna na kalli yadda wani bakanike, mutumin Gaya, yake binciken irin wannan matsala. Wani ɗan kasuwa ya turo Bajaj ɗinsa, ya ce a canza masa taya kawai, sauri yake yi.

"Alhaji, bari mu duba tukuna. Ba kowace rawa ce ta taya ba," in ji shi.

Ya kafe babur ɗin, ƙafar gaba ta tashi daga ƙasa. Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi: ya matsa tayar ya ji iska, ya sa sifana a notin tsakiyar ƙafar ya ga ko ya saki. Daga nan ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza ta gefe da gefe. Ya ce in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya mutu, kuma biyun ake canzawa tare. Bai ji komai ba. Ya kama ƙarafan gaba ya ja ya tura, don wani lokaci wuyan babur ne ya saki, mai shi ya ɗora wa ƙafa laifi. Nan ma lafiya lau.

Sai ya ɗauko alli ya riƙe dab da bakin rim, ya juya ƙafar. Allin ya shafi wuri guda ya tsallake sauran. Ya bi sifok ɗin yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfi ya yi ƙara tangaran, wanda ya saki ya yi dum. Huɗu ne suka saki.

Gyaran na haƙuri ne. Ɓangaren da rim ya karkato sai a ɗan sassauta, a ɗaure na ɗaya ɓangaren, kaɗan-kaɗan, a juya, a sake duba alli. Wanda ya ɗaure da ƙarfi lokaci guda, ya kashe rawa a nan ya tayar da ita a can. Kafin a kira la'asar ƙafar ta miƙe, tsohuwar tayar tana nan, Alhaji ya biya kuɗin aiki kawai.

Bakaniken ya ƙara masa da jan kunne biyu. Rim ɗin da ba shi da sifok, in ya tsage, kada a yarda a yi masa walda, sabo za a saya. Sannan buhun da ake ɗaurewa can ƙarshen baya yana ɗage gaban babur, kan ya riƙa kaɗawa ko da ƙafa lafiyarta ƙalau. A matso da kaya kusa da mai tuƙi.

Baƙon da ya faɗa hannun bakaniken da ba ya jin Hausa, kalmomi uku na Faransanci za su fisshe shi: boris shi ne rulma, sifok rayon, rim kuma jant.

Mai gida, in ka ji kan babur yana kaɗawa a hannunka, kada ka ce sai ka sauke kayan nan tukuna. Gadojin Kwatano cike suke, mota gaba mota baya, kuma wataƙila gobe da safe yaranka ne a bayanka. Rage gudu a hankali, kada ka danne birkin gaba, ka nemi rumfa mafi kusa. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.