Shamoni: Garin da Ake Jin Maganar Ja-gora

Mai karatu, idan Allah ya kai ka Shamoni ta ƙasar Faransa da hunturu, ɗaga kai ka dubi dutsen Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842. Mota mai rataye a igiyar ƙarfe ce ke kai mutane can sama. Daga nan masu zamiya kan dusar ƙanƙara ke gangarowa ta kwarin Vallée Blanche, kusan kilomita 20, ba shinge, ba alamar hanya.

Kada kyan wurin ya ruɗe ka. Ƙarƙashin farin nan akwai ramuka masu zurfi a ɓoye. Shi ya sa ake ɗaukar ja-gora, waɗanda ƙungiyarsu ta kafu tun 1821. Kafin ku tashi, zai rataya maka na'urar gano wanda ya binnu, ya ba ka shebur da sandar lalube, ya koya maka tono mutum idan ƙanƙara ta zaftaro. Wanda aka ciro cikin minti 15 yakan rayu. Bayan haka iska ke ƙare masa, don haka abokin tafiya ne mai ceto tun kafin jirgi ya iso.

In ja-gora ya ce yau a juya, ka juya. Dutsen yana nan gobe.