Yamai ko Argungu: Ina Za Mu Kai Yara da Kuɗin Asusu?

 

Duk shekara in lokacin rabo ya matso, hira guda ce ke tashi cikin ƙungiyoyinmu: mi za a yi da ɗan abin da ya ragu? Tunkiya, tabarmi da kujerun haya, buhun wake na ajiya, duk mun saba da su. Amma kwanan nan wata magana ta shigo, ita ce ta fita buɗe ido. Mata sun fara cewa su ma suna son su ga wani wuri, su kai ƴaƴansu su gani. Wurare biyu ne sunansu ke yawan fitowa: Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, da bikin kamun kihi na Argungu. Allah ya sa na taka duka biyun, shi ya sa na ce bari in auna muku su, kowacce ƙungiya ta ɗauki abin da ya yi mata.

Kafin nan, wata tsohuwa cikin ƙungiyarmu ta taɓa ce mini: "Shugaba, mu da ke neman na hura, ina mu ina yawo?" Na ce mata: "Inna, gaskiyarki, ciki shi ne gaba. Amma yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba, da mi za ta yi mafarki?" Tahiya mabuɗin ilimi ce, haka magabata sunka ce. Ko a Amurka, masu kuɗi na zama su yi gardama tsakanin manyan wuraren wasa biyu na kamfanin Disney, wanda anka buɗe a Kalifoniya a 1955 da wanda anka buɗe a Fulorida a 1971. Lissahin da suke yi shi ne namu: nawa ne mota, ina za a kwana, mi yaro zai gani. Aljihu ne kawai ya bambanta.

Mu fara da Argungu, tunda ita ce kusa da zuciyarmu. Iyaka ta raba ƙasa amma ba ta raba dangi ba. Can cikin jihar Kabi akwai ƙaramar hukumar Arewa, hedikwatarta Kangiwa, kuma tana ƙarƙashin masarautar Argungu. Da wuya ki samu gida a Tibiri ko Gesheme da ba shi da ƴar'uwa ko gwaggo a wancan gefe. Harshenmu guda, tuwonmu guda.

Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, anka yi kamun kihi don girmama shi. Wannan ziyara ita ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ana yin shi wajen watan Fabrairu ko Maris, kwana huɗu. Akwai kokowa da dambe, akwai baje kolin amfanin gona, akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da kamun agwagwa. Ranar ƙarshe ita ce ta babban kamu a Matan Fada.

Na je a 2020, na sauka wurin gwaggona. Abin da idona ya gani ba zan manta ba. Dubban maza sun jeru bakin ruwa, kowa da gorarshi da homarshi. Da anka buga bindiga sai ƙasa ta ɗauki rawa, sunka auka ruwa gaba ɗaya, makaɗa na bisa jirage suna kiɗa. Kamar awa guda anka yi, sai ga giwan ruwa ana ɗaukowa, mutum biyu ko uku na tallabe da guda. A 2005 wanda ya ci gasar kihinshi ya kai kilo 75, nauyin babban mutum ke nan. Cikin garin kuma akwai Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da anka gina a 1831, inda anka ajiye makamai da kayan sarautar Kabi. Wanda ke son ya san ko wane ne Kanta, can zai je.

To, ga inda lissahi ke shigowa. Na farko, Argungu kwana huɗu ce a shekara, kuma ba kowace shekara ba. An yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020. Ƙungiyar da ta yi wata tara tana tari don biki, in anka ɗage shi, sai ta koma gida da kwaɗayi. Na biyu, iyaka. Kun tuna Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, ta kuma sake rufewa a 2023. Duk mai saro kaya ta san abin da wannan ya ja mana. Na uku, canji. Kuɗinmu sefa ne, can kuwa naira ake kashewa, kuma farashin ɗan canji na yau daban, na gobe daban. Na huɗu, cinkoso. A taron da babba ke dafe da jakarta da hannu biyu, yaya za ki riƙe yara takwas waɗanda ba ke kika haife su ba, ga ruwa a gabanku? Sannan dukanmu mun san hanyoyin bakin iyaka ba su da natsuwar da suke da ita a da. Wannan ba abin da za a ɓoye wa uwayen yara ba ne.

Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Kamun Matan Fada na maza ne. Mu mata kallo muke daga gaɓa, in ma mun samu wurin tsayuwa. Yaro namiji zai dawo yana cewa in ya girma zai shiga ruwa. Yarinya fa, mi za ta ce?

Yanzu mu juya Yamai. Daga Dogondutsi kilomita 270 ne da ɗoriya, kwalta ce tun daga tasha har cikin birni: Kore Mairuwa, Bolbol, Doso, Birnin Gaure, Kure, sai Yamai. In da rabo, wajen Kure za ku hangi raƙuman dawa daga cikin mota, su ne irinsu na ƙarshe da sunka ragu a Afirka ta Yamma. Ba iyaka, ba canji, katin ɗan ƙasa kawai za ki riƙe. Kuɗin kar kuwa ana iya zuwa tasha a tambaya tun da wuri, a rubuta cikin littafin ƙungiya.

Gidan Tarihin an buɗe shi a 1959, yana ɗauke da sunan Bubu Hama, malami kuma marubuci wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasarmu. Fili ne babba mai itatuwa, tsakiyar birni, ba nisa da kogin Kwara da gadar Kennedy. Abu huɗu ne a wuri guda. Akwai gidan namun daji: zaki, kura, dorina, kada, birai, jimina. Akwai ɗakunan nuni na tufafin gargajiya da kayan kiɗa da ma'adinai, har da yuraniyom da muke jin labarinshi a rediyo. Akwai gidaje irin na ƙabilun Nijar, an gina su kamar yadda suke a garuruwansu, daga rumbu har tantin Abzinawa. Akwai kuma rumfunan masu sana'a, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, suna aiki kina kallo.

Abin da ya fi tsayar da yara shi ne ƙasusuwan dabbobin da sunka rayu tun kafin a yi mutane, waɗanda anka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas. Akwai na wani kada da tsawonshi ya kusa na babbar mota. Kusa da nan an ajiye itacen Tenere, itace guda tilo da ya tsaya cikin hamada yana nuna wa ayari hanya, har wata mota ta banke shi a 1973.

Bara munka kai ƴan mata takwas na aji shida, mu manya uku muna rakiya. Da munka iso gaban ƙasusuwan nan, wata yarinya ta ja mini zane ta ce: "Inna, wa ya san shekarunsu, tunda ba wanda ya gan su da rai?" Mai yi mana bayani ya ce akwai masu karatun duwatsu da ƙasa, su ke aunawa. Ta ce: "Mata ma na yin wanga karatu?" Ya ce suna yi. Yarinyar nan uwarta ta riga ta fara tunanin cire ta in ta gama firamare. Yau tana kwaleji. Ba zan ce tahiyar ce kaɗai ta yi wannan ba, don malaminta ma ya yi ƙoƙari, amma uwar da bakinta ta ce mini tun da ɗiyar ta dawo ba ta bar su sun huta ba da maganar karatu.

Mu manya ma mun samu namu. Ma'ajinmu ta daɗe wurin masaƙa tana duba yadda suke gama bakin zane da yadda suke jera kaya don mai saye ya gani. Da munka dawo ta sake tsarin tabarmin kaba da faifan da take kaiwa kasuwa.

Yamai ma tana da nata nauyi, kada in yi muku ƙawa. Abinci da tsada, taksi da tsada, kuma in ba ku da masauki kuɗin kwana kaɗai zai cinye rabin asusun. Mu wurin wata ƴar garinmu munka sauka, munka tahi mata da wake da man gyaɗa. Guzuri daga gida munka yi shi: dambu, ƙuli-ƙuli, gari da sukari, kowace yarinya da gorar ruwanta. Tsallaka titi da yaran ƙauye aiki ne, sai an jera su biyu-biyu, babba gaba, babba baya. Ranakun Salla wurin na cika maƙil da yaran birni, watan Afrilu da Mayu kuwa zafi ba ya barin kowa ya ji daɗin yawo. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya fi: an gama kaka, an saida wake, gari da sanyi. A buga waya a tambayi ranakun buɗewa kafin a tashi, a kuma shiga da sassafe.

In kun tambaye ni, ga hukuncina. Argungu ta fi armashi, ba gardama. Mace babba mai dangi a can, in hanya ta yi kyau, ta je da kuɗin aljihunta ta sada zumunci ta ba idonta abinci. Amma kuɗin ƙungiya amana ne, ƴaƴan mutane kuma amanar da ta fi kuɗi. Da su, sai a zaɓi wurin da za a iya lissafa shi tun daga gida, wanda in ba a samu zuwa wanga wata ba yana nan wata mai zuwa. Wannan kuwa Yamai ce.

Saura maganar inda kuɗin za su fito, kuma nan ne nake roƙonku da babbar murya. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kowane kuɗi da sunanshi. Kada a taɓa uwar kuɗi da ake ba da bashi, don ita ce jarin mai ƙosai da mai kiwo. Kada a taɓa asusun taimako, don ciwo da haihuwa da rasuwa ba su sallama. Kada kuma wata ta ci bashin asusu don yawo, yawo ba ya maido da riba. Mu zubi na daban munka buɗe, da shafinshi daban cikin littafi. Mu talatin ne, kowacce dala ashirin a sati. Sati arba'in ya ba mu jika ɗari da ashirin. Bai kai kowa ba, shi ya sa munka yarda ƴan matan aji shida ne za su riƙa zuwa, masu rakiya kuma a fidda su da ƙuri'a, wadda ta je bana ba ta shiga ta baɗi. Uwayen yaran sunka cika ɗan abin da ya ragu. Kafin tashi, kowane uba sai da munka je har gida munka nemi yardarshi, munka kuma sanar da mai gari da daraktan makaranta. Da munka dawo, sakatariya ta karanta abin da anka kashe, dala bayan dala, gaban kowa.

Ƙungiyar da dala ashirin ta yi mata yawa ta fara da dala biyar, ko da shekara biyu za ta yi tana tari. Wadda kuma ba ta kai ga Yamai ba tukuna, Lugu na nan kusa da mu, garin Sarauniya da ta tsaya gaban sojojin Faransa a 1899. Yini guda ya isa a je a dawo, kuma ƴan matanmu sun cancanci su ji wannan labari a inda ya faru.

Ku kai maganar taronku na sati mai zuwa, ku auna da kanku. Wadda ta je ɗaya daga cikin wuraren nan ta ga abin da ban gani ba, ta aiko wa jaridarmu mu ƙaru. Allah ya sa albarka cikin asusunmu, ya raya mana zuri'a, ya kai mu lahiya ya maido mu lahiya. Amin.