Inda Kwalta Ta Ƙare

A Mabera, idan aka ga magidanci a kan keke, ɗayan biyu ake tambayarsa: ko babur ne ya lalace, ko likita ne ya sa shi. Mu biyar ne muka saba da amsa waɗannan tambayoyi. Akwai malamin firamare a cikinmu, da tela, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibai biyu. Abin da ya haɗa mu shi ne fita bayan gari da keke duk ranar Asabar, da zarar an sallame sallar Asuba. Mun fara ne a 2023, bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lokacin da kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kowa ya shiga ɗakin shirgi ya jawo tsohon keken da ya manta da shi. Da farko wurin aiki kawai muke zuwa da su. Da ƙafa ta saba, sai muka fara wuce inda kwalta ta ƙare.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya nuna mana a wayarsa cewa abin nan da muke yi wasa ne babba a wasu ƙasashe. A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, tun 2006 ake taruwa kowace shekara a yi tseren mil 200 a kan hanyoyin gona masu tsakuwa. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya, kuma a Kenya ma ana yin nasu a yankin Masai Mara. Kuɗin keke ɗaya na masu gasar zai sayi sabon babur har a yi canji. Muka yi dariya, domin hanyar da suke biyan kuɗin jirgi su je nema, irinta ce kakanninmu suka bi a kan Raleigh, wanda a da a Kano ake haɗa shi, da buhun gero ɗaure a kariya za su cin kasuwa.

Hanyar da muka fi bi ita ce ta kudu. Mukan hau titin Gusau, kafin mu kai Shuni sai mu saki kwalta mu faɗa burji. Wanda ya saba kallon ƙasar Sakkwato ta tagar mota zai rantse shimfiɗe take kamar tabarma, amma cinyar mai keke ta san gaskiya. Tudu ne mai kan marmara da jar tsakuwa, sai gangare zuwa kwari, sai yashi a gindin kwarin yana jiran wanda ya taho da gudu. Kowanne da yadda ake bi da shi. A kan tsakuwa ba a danne birkin gaba, in ba haka ba taya ta zame, mutum ya sha ƙasa. A yashi akan rage wa taya iska kaɗan, a ja jiki baya a kan sirdi, a ci gaba da taka feda ba tsayawa. Idan ya ƙi, a sauka a tura, sannu ba ta hana zuwa. Babban abokin gabarmu tsidau ne, ƙayar da ke kwance a gefen turba ba ka ganin ta sai ka ji iska na fita. Shi ya sa ba ma barin gida sai da faci da gam da famfo.

Dajinmu ba kurmi ba ne irin na kudancin ƙasar nan. Itatuwa ne tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, gawo da kuka da tsamiya da aduwa da magarya, sai sabara da kalgo a faƙo. Gawo ne muka fi girmamawa. Da damina, lokacin da kowane icce ke kore, shi yakan zubar da ganyensa ya bar wa gero rana, kuma geron gindinsa ya fi na sauran gonar kyau. Da rani kuwa, sa'ad da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne ke da inuwar da za mu jingine kekuna mu sha ruwa. Da itatuwa muke yi wa juna kwatance: a haɗu a kuka mai rami, a karya dama a tsamiya biyu. Cikin shekara biyu, uku daga cikin alamomin nan sun koma kututture. Mukan yi kiciɓis da iccen a hanya, a kan amalanke da raƙuma, ya nufi gari inda tukwanen unguwanni irin tamu ke jiran sa.

Wata Asabar ɗin mukan bi ta titin Birnin Kebbi zuwa wajen Boɗinga, mu ratse ta gonaki mu shiga Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. A mota, kafin hira ta yi nisa an isa. A keke sai gumi ya jiƙa riga, a nan ne mutum ke fara tunanin almajiran da suka yi wannan tafiya a ƙasa da littattafai a gafaka. Da hunturu kuma mukan keta gari mu gangara fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, mu bi kunyoyin albasa da rake, mu dawo da ƙullin kifi rataye a kan keke.

Duk inda muka bi, keke kan sama mana tarbar da babur ya daina samu. A yau idan babura biyar suka tunkari ƙauye a jere, mata kan janye yara cikin gida, saboda a kan babura masu kawo hari ke zuwa. Mai keke kuwa tun daga nesa an ƙare masa kallo, kuma tafiyarsa ba ta fi ƙarfin sallama ba. A wata rijiya bayan Shuni wani dattijo ya tare mu.

"Samari, daga ina kunka hito?"

"Daga Mabera, Baba."

"Bisa keke? To mi kuka biɗa?"

"Hanya kawai muke gani, Baba."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya ce mu sha ruwa tukuna, hanya ba ta gudu. Tun daga ranar ba ma wucewa sai mun tsaya gaishe shi, kuma daga bakinsa muke jin wace turba ce lafiya, wacce ce za mu bari.

Wannan tambaya ta lafiyar hanya ita ce ke yanke mana inda za mu. Tun farko mun ƙudurta zuwa Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, mu zarce mu ga madatsar ruwa ta Goronyo. Har yau ba mu je ba. Gabashin jihar, daga Raba da Goronyo har Isa da Sabon Birni, ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma babu matar da za ta bar mijinta ya nufi can a kan keke da sunan shan iska. Ko a kusa da gari muna da ƙa'idoji: mu yi tambaya kafin mu shiga, mu juya idan an ce mu juya, kada mu ɗauki hoton ƙauyen mutane, mu kasance a gida kafin azahar.

Abin da muka rasa yawon Asabar ne kawai. Manomin da gonarsa ke ƙarshen turbar da aka daina bi, abincin shekara ya rasa. Akwai wani burtali da muka sha bi a shekararmu ta farko, mai cike da sawun taya da na jakai. Da muka leƙa shi bayan daminar bara, ƙarangiya ta rufe shi ruf. Mutanen ƙauyen da ke bakinsa suka ce masu gonakin ciki sun daina zuwa, ba su ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, mu ma ba mu ja zancen ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsakanin birni da ƙauyukan da ke ciyar da shi ma haka ne. Yaranmu na Mabera sun haddace garuruwan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila da Sifen, amma da yawansu ba su taɓa ganin gero a gindin gawo ba. Shi ya sa yanzu, Asabar ɗin farko ta kowane wata, mukan ɗauki waɗanda ƙafarsu ta kai feda mu yi gajeriyar hanya da su, su koyi faci, su koyi durƙusa wa dattijo a bakin rijiya.

Malamin cikinmu yana da littafi irin na 'yan makaranta da yake rubuta kowace hanya a ciki: sunayen ƙauyuka bi da bi, inda rijiya take, inda ake samun mai faci, inda yashi ya fi tsanani, da iccen da ake karya kwana a gindinsa. Idan an sare icce, sai ya ja masa layi ya rubuta kwanan wata. Shafi goma sha ɗaya ya cika zuwa yanzu. A saman na goma sha biyu ya rubuta Wurno, ya bar sauran shafin fari, ya ce in Allah ya kawo zaman lafiya da ƙafarmu za mu cike shi.