Shawara Ga Sabon Mahayin Keke

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna nasiha, waɗanda suka komo kan keke tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023. Da yawansu sun iya keke bisa kwalta, amma kwalta daban, turba daban.

Ni gidana yana Gyadi-Gyadi, aikina kuwa yana wajen Tarauni. Titin Zariya ya fi ƙarfin mai keke da safe, don manyan motoci da 'yan A Daidaita Sahu ba su san da zamansa ba. Saboda haka nakan sulale ta lunguna da turbobin ƙasa, ran hutu kuma in zarce ta Darmanawa da Unguwa Uku har in fita inda gidaje suka fara ƙarewa. Can ne na koyi abin da zan faɗi, kuma ba da daɗi na koya ba.

Wata rana da kaka na taka tsidau, tayar baya ta sace, ga ni nesa da mai faci, ba ni da ko famfo. Haka na jawo keken nan a ƙasa, ina gumi, yara na yi mini sannu, ban iso gida ba sai bayan Magariba. Tun ran nan ban ƙara fita ba sai da famfo, da ƙyallen faci da gam, da sifana, da gorar ruwa, duk a ɗaure bisa kariya. Kuma in ka liƙe tubu, kada ka yi garajen mayarwa. Ka sa yatsa ka shafa cikin taya kewaye da kewaye, sannu a hankali, don ƙayar da ta huda shi tana nan maƙale, tana jiran ta sake. Sau biyu na yi faci wuri guda kafin in gane wannan.

Sai maganar rairayi, wanda shi ne ke kā da sabon shiga. In ka hango shi, ka koma baya bisa sirdi, ka miƙe kan keke sosai, kada ka daina tuƙi. Birkin gaba kuwa, ka rabu da shi nan, in ka damƙe shi sai ka ji ka a ƙasa. Da damina kada ka faɗa kududdufin da ba ka ga ƙarƙashinsa ba, gara ka sauka. Da hunturu ka rage sa wa sarƙa mai, don ƙura na bin maiƙo.

Ga mu masu babbar riga, a naɗe ta a kafaɗa, a kuma cusa bakin wando cikin safa, domin sarƙa ba ta san malami ba. Hular kwano ma ina sawa. Abokan aiki sun yi mini dariya kwana biyu, yanzu har ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni inda na saya. Ƙararrawa kuwa dole ce a lungunan Gyadi-Gyadi, inda yaro kan faɗo daga zaure ba sallama, haka nan fitila ga wanda dare kan yi wa a hanya.

Haza wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gyadi-Gyadi, Kano.