Kiɗan ƙwarya a Maiwurno

Ina yaro a Makwar, na ɗauka waƙa daga nesa take zuwa: kaset ɗin Shata, ko muryar A'isha Falatiya a rediyon Omdurman. Ta matanmu kuwa, surutu nake ce mata.

Sai bikin ƙanwata ya kai ni Maiwurno bayan cirar auduga. Wata tsohuwa ta kifa ƙwarya a ruwa, ta shiga jero garuruwan da kakanninmu suka ratsa bayan yaƙin Burmi na 1903, har bakin Nilu, Hausa da Larabci a cakuɗe. Ita ta tsara abarta. Na roƙe ta in ɗauka a waya, ta ce, "Sai wani bikin, ɗana."

Bara ta rasu. Baiti biyu kawai na riƙe.