Ƙarfen Liƙin Ƙanena

Ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa a fadamar Haɗeja, ta kuma jiƙa rediyon Baba. Ƙanena, ɗan shekara 12, ya kwance shi ya gano wayar da ta saki, amma ba abin liƙi. Da na zo hutu sai na ɗebi kuɗin motata, muka nufi kasuwa. Na kai hannu ga babba, mai wat 60. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce, "Samari, wannan ƙona kayan ciki zai yi. Mai wat 30 ya ishi yaro. Ya riƙa wanke hannu, dalma guba ce."

Da magariba aka kawo wuta, rediyo ya tashi. Baba bai tanka ba, sai ya ƙara murya. Ni kuwa a bayan motar kifi na koma makaranta.